Trakai: garin mutum dubu biyar da ɗoriya da ya taɓa zama fadar sarakunan Lituwaniya

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Hoton fadar nan ta jan bulo da ke tsakiyar ruwa ya sake yawo, an rubuta a ƙasansa wai tsohon babban birnin Lituwaniya ne. Na duba taswira, garin bai fi wata unguwa ba. Ta yaya wuri irin wannan zai zama babban birni? Masana a warware mana.

Ɗan Taswira: Wa alaikumus salam. Sunan garin Trakai, kilomita 28 yamma da Vilnius, babban birnin ƙasar na yau. Kafin a shiga batun sarauta a fara duba ƙasar, don ita ta haifi garin kuma ita ta hana shi girma. A zamanin sanyin duniya na ƙarshe, tulin ƙanƙara ya taso daga Sikandinebiya ya danne yankin nan. Ruwan da ke gudu a ƙarƙashinsa ya yanka dogayen kwaruruka masu zurfi, ƙanƙarar kuma ta turo tsakuwa da yumɓu da manyan duwatsu ta jibge su tudu-tudu. Da ta janye, shekaru dubu goma sha wani abu da suka wuce, kwarurukan suka cika da ruwa. Shi ya sa tafkunan wurin ba su yi kama da tafkin Chadi mai faɗi marar zurfi ba. Tafkin Galve bai kai murabba'in kilomita 4 ba, amma zurfinsa ya kusa mita 47, kuma tsibirai 21 ne a cikinsa.

Garin kansa yana zaune a kan wani siririn zirin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 2. Galve na arewa, tafkin Totoriskes na yamma, tafkin Luka na gabas. Ta kudu kaɗai ake shigowa ba a tsallaka ruwa ba. Wanda ya tsare wannan mashigin ya tsare garin. Mu nan sai an haƙa gwalalo a kewaye ganuwa, su kuwa sun tarar Allah ya riga ya haƙa musu.

Malam Na-Tarihi: Ɗan Taswira ya share fage. Amma a kula, Trakai biyu ne, kuma nan ake yawan ruɗewa. Akwai Tsohon Trakai, ƙauye ne yanzu, kilomita 3 zuwa 4 daga garin da ake gani a hoto. Shi ne wanda labarin gargajiya ke cewa sarki Gediminas ya gina bayan ya bar tsohon mazauninsa na Kernave, kafin ya koma Vilnius. Wasiƙun Gediminas na 1323 daga Vilnius aka rubuta su, kenan ko da Tsohon Trakai ya riƙe matsayin babban birni, na 'yan shekaru ne ƙalilan.

Sabon Trakai aikin ɗansa Kestutis ne. Daga 1345 shi da ɗan'uwansa Algirdas suka raba ɗawainiyar mulki. Algirdas ya zauna Vilnius yana faɗaɗa daula ta gabas, Kestutis ya riƙe Trakai yana tare dakarun Tutonik, wato ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Jamusawa da ke kawo hari daga yamma kusan kowace shekara. Lituwaniya a lokacin ba ta karɓi Kiristanci ba, sai a 1387. Don haka ni ba na kiran Trakai babban birni. Ribaɗi ne da sarki ke zaune a cikinsa.

Bakatsine: Malam, a nan zan ɗan ja da kai. A zamanin da ake magana, inda sarki yake nan ne gwamnati take. Vytautas ɗan Kestutis, wanda ya yi mulki daga 1392 zuwa 1430, daularsa ta miƙe daga kusa da tekun Baltik har bakin Baƙin Teku, kuma a Trakai yake yawan zama da karɓar jakadu. A fadar tsibirin ya rasu ran 27 ga Oktoba 1430. Kundin takardun daular ma a nan aka ajiye shi har 1511. Wurin da ke da sarki da takardun mulki, me ya rage masa?

Malam Na-Tarihi: Abin da ya rage masa shi ne babban limamin coci da kasuwa. Da aka yi wa ƙasar baftisma a 1387, kujerar bishop a Vilnius aka kafa ta, a shekarar ne kuma Vilnius ta samu dokar cin gashin kai ta birane da ake kira Magdeburg. Trakai sai 1409 ta samu. A 1413 da aka yanka manyan larduna biyu, Vilnius da Trakai, gwamnan Vilnius ne ke gaba a majalisa. Ka ce mazaunin sarki, na yarda. Ka ce gari na biyu a daraja, na yarda. Ban wuce nan ba.

Bakatsine: Mu bar shi a mazaunin sarki, amma ban janye ba.

Ɗan Damagaram: To wannan ginin da muke gani, shi ne na Vytautas ɗin? Ya yi kyau da yawa a ce ya shekara 600.

Baba Magini: Yaro, idonka bai yaudare ka ba. Mafi yawan abin da ke sama sabon gini ne. Hanyar ganewa ita ce ka dubi bango daga ƙasa zuwa sama. Gindin bangon manyan duwatsu ne masu santsi, waɗanda ƙanƙarar da Ɗan Taswira ya ambata ta bari warwatse a gonaki. Yankin ba shi da dutsen da za a fasa a sassaƙa, don haka magina suka tsinci waɗannan, suka jera su da kwaɓin farar ƙasa, suka cike tsakani da ƙananan duwatsu da gutsattsarin bulo. Kusurwa da bakin ƙofa da bakan taga kuwa dole sai da jan bulo, don dutse mai zagaye ba ya ba da kusurwa. Kaurin bango ya kai mita 2 da rabi. Tsohon bulo ya yi duhu, girmansa bai daidaita ba saboda da hannu aka buga shi. Sabon ya fi haske kuma kai ɗaya ne. Inda launi ya sauya, nan iyakar abin da ya tsira take.

Tsarin kashi biyu ne. Akwai farfajiyar gaba mai hasumiyoyi a kusurwa, inda dakaru da rumbuna suke. Sai fadar sarki a kan tudun tsibirin, mai doguwar hasumiyar ƙofa da ta haura mita 30. Tsakaninsu rami ne. Yau a bushe yake, amma a da ruwan tafkin ya fi na yanzu tsawo da kusan mita 2, ramin cike yake, sai an sauke gada ake tsallakawa. Ɗumama ɗakuna kuma ta ƙarƙashin daɓe ake yi: murhu a ɗakin ƙasa, iska mai zafi ta bi ta kafofi ta hau. Wani matafiyi daga Filandas, wajen Beljiyam ta yau, Ghillebert de Lannoy, ya zo a 1414 ya tarar da fadar sabuwa fil, ta bulo, a tsakiyar ruwa.

Abin da ya ci ginin bayan yaƙin da ya mai da shi kango shi ne rashin rufi. Ruwa ya shiga bulo, sanyi ya daskarar da shi, ƙanƙara kuma tana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 fiye da ruwa. A hunturu ɗaya ana iya daskarewa a narke sau da yawa, kowane zagaye yana ɓantare fuskar bulon. Shekara ɗari uku ana haka. Ga kuma mutanen gari da ke kwasar bulo suna gina gidajensu. Irin wannan ne ya sa masu gyaran tsohon gini ke ƙin siminti: ya fi tsohon bulo tauri, ba ya barin laima ta fita ta layin kwaɓi, sai ta fita ta jikin bulon ta farfashe shi. Farar ƙasa tana numfashi.

Malam Na-Tarihi: In ƙara kan maganar Baba da shekaru. A 1655 rundunar Mosko ta ƙone garin, fadojin biyu suka zama kango. Eh, biyu ne. Akwai ta kan zirin ƙasa, wadda Kestutis ya gina, ta ma fi ta tsibirin faɗi, hekta 4 da hasumiya 11. A cikinta aka kashe sarki Sigismund, ƙanen Vytautas, a 1440. Masu yawon buɗe ido suna wuce ta ba su sani ba, don kufai ne da ginin 'yan ɗariƙar Kirista ta Dominikan da aka yi daga baya a wani sashe nata.

Ta tsibirin an fara tallafe ta da gaske a shekarun 1930, lokacin garin yana hannun Polan ana kiransa Troki. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ci gaba a shekarun 1950 ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. A ƙarshen 1960 shugaban Sobiyet Khrushchev ya soki aikin, yana ganin ɓarnar kuɗi ce a kan fadar sarakunan gargajiya, aikin ya yi sanyi. Duk da haka an buɗe gidan tarihi a fadar a 1962, farfajiyar gaba kuma aka kammala ta a 1987.

Ɗalibar Jogirafi: Abin da ban gane ba shi ne, in wurin yana da tsaro haka, me ya hana shi girma? 1655 kowa ya sha wuta, har Vilnius, amma ita ta farfaɗo.

Ɗan Taswira: Tambaya mai kyau, ƙanwata. Faɗuwar ta riga 1655. Na farko, maƙiyin da aka gina wurin dominsa ya karye. An ci dakarun Tutonik a Grunwald ran 15 ga Yuli 1410, shekara guda kacal bayan kammala fadar tsibirin, kuma yarjejeniyar Melno ta 1422 ta tsayar da iyakar yamma. Ribaɗin da babu mai kawo masa hari ya zama kaya. Fadar ta koma masauƙin shaƙatawa, daga baya kurkukun manyan mutane. Na biyu, igwa ta ƙara ƙarfi, 'yan ɗaruruwan mitoci na ruwa sun daina zama kariya.

Na uku shi ne babba a wurina. Tafki ba hanya ba ce. Vilnius tana bakin kogin Neris, wanda ke zuba a Nemunas, shi kuma ya kai teku. Katako da hatsi da kakin zuma suna sauka, gishiri da tufa suna hawa. Trakai ba ta da kogin da jirgi zai bi ya fita. Zirin kuma ya matse, titi ɗaya ne babba ya ratsa shi, ba filin da unguwanni za su bazu. Da aka shimfiɗa layin dogo daga San Fitasbag zuwa Warso a 1862, ta garin Lentvaris ya bi, 'yan kilomitoci a gabas. Yau Lentvaris ta fi Trakai yawan jama'a, alhali Trakai ce hedikwatar gundumar. Tun 1991 kuma garin yana cikin gandun tarihi na ƙasa mai murabba'in kilomita 82, ba a gina dogon bene yadda aka ga dama.

Ɗan Damagaram: Na ji an ce akwai Musulmi a garin tun zamanin sarkin nan, masu gidajen katako da taga uku.

Hajiya Mai Ajami: Ka haɗa jama'a biyu wuri ɗaya, ɗana, kuma ba kai kaɗai ke yin haka ba. Masu taga uku Karaim ne, ba Musulmi ba ne. Musulmin su ne Tatar. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu harsunan dangin Turkanci suka zo da su, kuma dukansu ana danganta zuwansu da hare-haren Vytautas wajen Baƙin Teku a 1397 da 1398.

Karaim suna bin Attaura da littattafan annabawan Bani Isra'ila a rubuce kawai, ba sa karɓar Talmud na malaman Yahudawa. Sunan ma daga saiwar da ta ba mu ƙira'a da karatu ya fito, wato masu karanta nassi. Labarinsu na gado yana cewa gida 383 aka kawo daga Kirimiya. Aka zaunar da su a arewacin zirin, tsakanin fadojin biyu, kuma a 1441 suka samu nasu cin gashin kan daban da na Kiristocin garin, da nasu shugaban. Gari ɗaya, hukuma biyu. Gidan Bakaraime yana juya siririn gefensa ga titi da taga uku, ana cewa ɗaya ta Ubangiji, ɗaya ta sarki, ɗaya ta mai gida. Ɗakin ibadarsu sunansa kenesa, na katako ne, yana nan a titin Karaim, kuma bai rufe ba ko a zamanin Sobiyet. Yanzu duk ƙasar ba su kai mutum 300 ba, masu jin harshen sosai kuwa 'yan tsiraru ne.

Tatar su ne suka bar sunansu a tafkin Totoriskes. Yawancinsu an ba su gonaki a ƙauyukan da ke kewaye bisa sharaɗin in yaƙi ya tashi su fito da doki da makami, kuma sun yi yaƙin Grunwald a ɓangaren Vytautas. A cikin garin Trakai babu masallaci yanzu. Mafi kusa yana wani ƙauye da sunansa ke nufin Tatar Arba'in, tsakanin Trakai da Vilnius, ƙaramin masallacin katako ne da maƙabarta a gefensa. Akwai na Nemezis da na Raiziai, su ma katako, sai na Kaunas na bulo da aka gina a farkon shekarun 1930.

Ga abin da ya fi jan hankalina. Tatar sun rasa harshensu tun wajen ƙarni na 16 zuwa 17, saboda yawancinsu maza ne suka zo, suka auri matan ƙasar, kuma suna warwatse. Amma ba su saki harafin Larabci ba. Sai suka riƙa rubuta Belarusanci da Polanci da shi: tafsiri, ƙissoshin annabawa, littattafan addu'a. Ajami ne sak. Matsalar da malamanmu suka ci karo da ita su ma sun same ta, sautin da Larabci ba shi da shi. Mu muka ɗora ɗigo uku a kan ɗamisa hannu don sautin tsa. Su suka sa ɗigo uku a ƙarƙashin sadi don irin wannan sautin, uku kuma a ƙarƙashin dali don dza. Karaim kuwa da suka taru a titi ɗaya suna ibada da harshensu, sun riƙe shi har ƙarni na 20.

Malam Na-Tarihi: Hajiya, kada a tsallake jama'a ta uku. Akwai Yahudawa mabiya Talmud a garin da kewayensa. Hukumomin Nazi sun yanke cewa Karaim ba sa cikin waɗanda dokar ƙabilancinsu ta shafa, shi ya sa suka tsira. Yahudawan kuwa an kashe su a dajin Varnikai, ƙetaren tafki, ran 30 ga Satumba 1941. Rahoton kwamandan Jamus mai kula da kisan da kansa ya ƙirga mutum 1,446, kuma 597 daga ciki yara ne.

Uwar Girki: Allah ya kyauta. Bari in ɗan sauya akala zuwa abin da kowa ke ci a titin Karaim, wato kibinai. Kamarsa ɗaya da fanken nama da ake gasawa, siffar jinjirin wata. Fulawa giram 500, man shanu mai sanyi giram 200, kirim mai tsami giram 200 (kindirmo mai kauri da aka tsane ruwansa yana maye gurbinsa), ƙwai 1, gishiri. A murje man cikin fulawa har ya zama kamar tsaki, a haɗa sauran, kada a cuɗa da yawa, a sa a firiji aƙalla awa ɗaya. Ciki kuma naman rago giram 500 mai ɗan kitse, albasa 2 manya, gishiri, masoro, ruwa cokali 3 zuwa 4. Ɗanye ake zubawa, kuma da wuƙa ake yanka shi ƙanana. In aka niƙa a inji sai ya dunƙule ya bushe, romon da ake nema ya ɓata. A murza kwaɓin faifai-faifai kamar tafin hannu, a naɗe, a kitse bakin ta sama, a shafa ƙwai, a gasa a zafi 200 minti 25 zuwa 30. In bakin ya buɗe, ko dai kitse ya taɓa gefen kafin a manne, ko kwaɓin ya ɗumama.

Mai zuwa can ya karanta takardar abinci. Karaim ba sa cin alade, amma shaguna da yawa yanzu suna yin kibinai da shi. Kiauliena alade ne, aviena rago, jautiena sa, vištiena kaza. Batun yanka kuma daban ne, sai an tambaya. Akwai na cuku da na kayan lambu.

Ɗalibar Jogirafi: Musulmin can yaya suke yi da lokutan salla da rani? Na ga garin yana sama da digiri 54 arewa.

Ɗan Taswira: Digiri 54 da minti 38. A ƙarshen Yuni yini ya haura awa 17, a ƙarshen Disamba awa 7 da 'yan mintoci. Lissafin da ke kawo matsala ga shi: a tsakar daren 21 ga Yuni, rana ba ta nutsewa fiye da digiri 12 a ƙarƙashin sararin samaniya. Ka cire 54.6 na garin da 23.4 na karkatar duniya daga 90, abin da ya rage kenan. Jadawalin da ke jiran digiri 17 ko 18 kafin ya ba da lisha da asuba ba zai samu komai ba, tun daga wajen farkon Mayu har farkon Agusta. Shi ya sa manhajar waya ke nuna lokaci na banza ko ta bar gurbin fayau in ba a sauya mata tsari ba. Malamai sun ba da hanyoyin ƙaddarawa, kamar raba dare kashi bakwai, ko bin gari mafi kusa da shafaƙi ke ɓacewa. Baƙo ya bi jadawalin masallacin wurin.

Baba Magini: Hunturu kuma nasa haɗarin daban. Tafkin yana daskarewa, mutane suna takawa har tsibirin. Ƙa'idar da ake bi can ita ce kaurin santimita 7 ga mutum ɗaya, 12 ga jama'a. Ƙanƙara mai garai-garai da shuɗi-shuɗi ta fi fara ƙarfi nesa ba kusa ba, don farar iska ce da dusar ƙanƙara a cikinta. Kusa da gada da cikin ciyawar bakin ruwa da mashigin da ke haɗa tafki da tafki, nan ta fi sirancewa saboda ruwa na motsi a ƙasa. Gadar katako tana nan, kusan mita 300 a gaɓa biyu da ƙaramin tsibiri a tsakiya, ba dole sai an taka ƙanƙara ba.

Ɗan Damagaram: Daga Vilnius yaya ake zuwa?

Ɗan Taswira: Jirgin ƙasa ko bas, rabin awa da ɗan ɗori. Kuskuren da ake yi shi ne zaton tasha tana bakin fada. Tashoshin biyu suna kudancin zirin, fada tana can arewa. Daga tashar bas kusan kilomita 2 ne a ƙafa, daga ta jirgi ya fi haka. Ka bi titin Vytautas, za ka wuce cocin da ya kafa a 1409, titin ya zama na Karaim, kufan fadar Kestutis yana hannun dama. Bas ya fi jirgi yawan tashi, don haka a duba lokacin jirgin komawa tun kafin a bar tasha.

Bakatsine: Titin da ya ratsa garin da sunan Vytautas, cocin nasa, fadar tasa, a ƙauyen da ke gefe aka haife shi, a nan ya mutu yana jiran kambin sarautar da bai iso ba. Malam Na-Tarihi, har yanzu ribaɗi ne?

Malam Na-Tarihi: A babban cocin Vilnius aka binne shi. Je ka duba.